Bargon Ƙyalle a Tsakar Gidan Inna Kande

Jiya da kuka shigo, na ji abin da ɗayarku ta faɗa, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Cewa ta yi, "Ai wannan haɗa ƙyalle ne kawai, sati ɗaya ma ya ishe mu." To, ku jawo tabarma ku zauna. Ni ce Rabi, Iya Rabi ta Mandawari, kuma tunda iyayenku sun turo ku koyon sana'a, ba zan ba kowacce allura ba sai kun ji yadda aikin yake da yadda aka yi muka tsinci kanmu a cikinsa.

Ni ba da ɗinki na tashi ba. Kitso nake yi, ɗan abin da ake samu a sayi sabulu. Ɗana na fari, wanda bakina ba ya faɗar sunansa, shi yake riƙe da gidan. Ya yi doguwar jinya, aka yi na gida aka gaji, da aka je asibiti suka ce ƙanjamau ne. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Hadiza da 'yarsu Safiya, tana shekara uku. Aka gwada su, su biyun duk suna ɗauke da cutar.

Hadiza ɗanwake take yi na sayarwa, kullum da safe ƙofar gidanmu cike da kwanuka. Da maganar ta fita, ranar wata Talata ta yi ɗanwakenta kamar kullum, ta soya mai, ta daka yaji, ta zauna. Har rana ta take ba wanda ya yi sallama. Ni ma masu kitso suka ɗauke ƙafa. Magani kyauta ake ba mu a asibiti, amma ma'aikaciyar ta ja mini kunne, ta ce ba a wasa da lokacinsa, kuma mai shansa sai da abinci. To ina abincin?

A kan bencin asibitin na haɗu da Inna Kande. Na ja mayafi na rufe rabin fuska don kada wani ya gane ni, ga Safiya a cinyata tana rawar ɗari. Wata tsohuwa a gefena, da yara biyu, ta warware wani bargo daga jikin ƙaramin ta lulluɓa wa Safiya. Ban taɓa ganin irinsa ba, ƙyallayen atamfa ne kala-kala an jera su reras, ga nauyi ga laushi.

Ta dube ni ta ce, "Ke ba 'yar Mandawari ba ce? Sauke mayafin nan ki sha iska. Abin da ya kawo ki shi ya kawo ni."

'Yarta ce ta rasu ta bar mata yaran. Na tambaye ta inda ta sayi bargon, ta yi dariya ta ce da hannunta ta yi, wajen kakarta ta koya, wadda take haɗa tsofaffin zannuwa saboda sanyi. Ta ce, "Ranar Asabar ki zo Kabara, ki tambayi gidan Kande. In kina da almakashi ki taho da shi."

Nan tsakar gidan da kuke zaune na same su, ita da Goggo Asabe, waccan mai dariyar da kuke jiyowa daga madafi. Ita ma jikoki uku ɗanta ya bar mata. Na zo da zumuɗin a ba ni allura, sai Inna Kande ta turo mini buhu da baho. Wata uku cur ban yi komai ba sai wanki da tsinta da guga.

Kada ku raina wannan. Kowane ƙyalle sai an wanke shi kafin a taɓa shi da almakashi, domin sabon yadi yana shiga ruwa yake tsukewa, tsoho kuwa ya gama tsukewarsa. In kika haɗa su ba wanki, ranar da mai bargo ta wanke abinta sai ya tattare kamar fuskar wanda ya sha tsami. Sannan akwai mai zuba. Ja da shuɗi su ne 'yan rigima. Sai ki tsoma shi a ruwan zafi, ki matse a jikin farin tsumma. In ya bar alama, ware shi gefe. Bayan haka a raba su gida-gida, atamfa da atamfa, shadda da shadda. Shadda tana da taurin kai, in kika haɗa ta da yadi mara ƙwari ita za ta cinye shi a bakin ɗinki. Leshi kuwa, komai kyansa, ba ya shiga aikinmu, ramukansa auduga suke fitarwa.

Bargon farko da na ɗinka da hannuna, kwana goma sha biyu na yi a kansa. Na yanka ƙyallayen da ido, don a ganina kwalin awo da allin da Inna Kande take zana layi da su ɓata lokaci ne. Na haɗa fuska, wato saman bargon, na shimfiɗa shafi a ƙasa, na baza auduga a tsakani, na kama ɗinki daga gefe ina bi ina zagayawa. Da na iso tsakiya sai ga wani tulu ya taso, kamar an kifa ƙwarya a ƙarƙashi. Na danna nan ya ɓullo can. Goggo Asabe ta ɗauka ta kifa a kanta, ta ce, "Rabi, ai malafa kika ɗinka mana, Allah ya yi albarka, damina ta zo." Har da hawaye don dariya.

Inna Kande ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini reza ta ce in farke shi duka, ba tare da na yanki ƙyalle ko ɗaya ba. Kwana huɗu ina farkewa. A nan na koyi abin da nake so ku riƙe: daga tsakiya ake farawa, ana korar yadin zuwa baki, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yana jin fitowar allura. Kuma kowane yadi yana da hanyarsa. In kika ja shi ta tsaye ba ya miƙewa, in kika ja ta karkace sai ya biyo ki. Wadda ba ta san wannan ba, ba za ta taɓa samun kusurwa huɗu su haɗu a wuri ɗaya ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Zare sai an goga shi a kakin zuma, in ba haka ba ya dinga ƙullewa yana cin ranki. Ga 'yar fatar nan da dukawa suke yanko mana, a yatsan tsakiya ake sa ta, ita take tura allura. Wadda ta ce ba ta so, zuwa la'asar za ta neme ta da kanta. Dutsen guga na gawayi muke amfani da shi, saboda nauyinsa yana kwantar da bakin ɗinki, kuma ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Almakashin yadi kuwa yadi kaɗai yake yanka. Sau ɗaya Goggo Asabe ta ɗauke shi ta gyara kifi. Sati guda Inna Kande ba ta amsa mata gaisuwa da kyau ba, kuma har yau in kun duba za ku ga jan zare ɗaure a hannun almakashin, alamar kada a kuskura.

Ƙyalle kuma daga Ƙofar Wambai yake zuwa, wajen wani tela, Malam Tanko. Ranar da na fara zuwa shagonsa na tarar ana share ƙyallaye za a kai bola. Na ce a ba ni. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Iya, me za ki yi da shara?" Na ce ya ba ni sati uku zai gani. Da na kai masa bargon, ya baza shi a kan tebur ya dinga bin sa da yatsa. "Wannan ai atamfar bikin gidan su wane ce. Wannan kuma ragowar rigar Sallar yaran maƙocina. Ikon Allah!" Ya rataye shi a ƙofar shago, kafin la'asar an saye. Daga ranar ya sa aka ajiye mana buhu a gefen kekensa, har ya bi sauran teloli na layinsu suna tara mana. Gabanin Sallah kuwa sai mun ɗauki mai baro.

Masu saye iri-iri ne. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da ya aiko a yi masa bargo, amma da sharaɗi uku: kada a sa ja, kada a sa mai hoton tsuntsu, sannan a yi masa aljihu a gefe. Muka yi ta tunanin me bargo zai yi da aljihu. Ashe rediyonsa yake so ya dinga sakawa. Muka auna rediyon da taƙi, muka yi aljihun har da maɓalli. Bayan wata biyu ya dawo da abokansa uku, kowa da rediyonsa a hannu, a auna. Iyayen 'yan makarantar kwana su ma sun riƙe mu sosai. Nasu ba a cika masa auduga, don yarinya ta iya wankewa da kanta, kuma a jikin shafin muke ɗinke sunanta da baƙin zare yadda ba mai gogewa.

Kafin shekara uku mun kai mu tara, duk kakanni, duk labarinmu ɗaya. Ban da mu sai Hadiza da na jawo, ita kaɗai ce yarinya a cikinmu. Da muka samu keken ɗinki ita ta hau, don ƙafarta ta fi tamu ƙarfi. Ita take haɗa fuska a keke, mu kuma mu bi da hannu, domin ɗinkin da yake kama fuska da auduga da shafi, keke ba ya yin sa da kyau.

Tsarinmu kuwa mai sauƙi ne. Duk ranar aiki tukunya tana kan wuta, yara su fara ci kafin manya. Wadda ranar asibitinta ta zo, ta tafi hankali kwance, za a yi mata nata aikin, kasonta yana nan. Goggo Asabe ta sa jikanta ya saita mata ƙararrawa a waya, da kukan zakara. Da zarar zakaran nan ya yi cara sai ta ajiye allura ta ɗaga murya, "Masu magani, a fito a yi layi!" Yaran su taho da gudu da kofunansu, ita kuma tana yi musu waƙa tana tafi. Yaron da yake kuka a gida kafin ya haɗiyi ƙwaya, a nan rige-rige yake yi.

Akwai wani ƙaramin bargo mai ruwan ganye da muka yi ba don sayarwa ba. Labari ya zo mana cewa wata tsohuwa a wani lungu tana da jika kwance, an ba su magani ta daina zuwa karɓa, don kada a gan ta a layin. In ka je ka ce ka zo yi mata nasiha, ba za ta buɗe maka labule ba. Sai muka naɗe bargon, ni da Inna Kande, muka yi sallama muka ce mun zo duba mara lafiya. Muka lulluɓa wa yarinyar. Aka gaisa. Can Inna Kande ta ce, "Ni ranar Laraba nake kai nawa jikokin. Adaidaita ɗaya za ta ɗauke mu har da ke."

Tsohuwar ta ɗaure fuska ta ce, "Kai su ina?"

Inna Kande ta ce, "Inda kika daina zuwa. Yaya, ni 'yata na binne saboda mun makara. Ke ba ki makara ba."

Muka yi mata sallama muka fito. Ranar Laraba da sassafe muka tsaya a bakin lungun. Mun kusa haƙura sai ga ta ta fito da yarinyar a goye, an rufa ta da koren bargon. Yanzu tsohuwar nan ita ce take yi mana kalmasar baki, ba wadda ta kai ta iyawa, yarinyar kuma tana aji biyar a sakandare. Tun daga lokacin, duk bargo goma da muka yi, na goma sha ɗayan na shiga gida ne irin wannan.

To, sai muguwar shekara ta zo. Ba mu san bakin da ya fara ba. Aka dai wayi gari ana cewa bargunanmu da kayan matattu muke yin su, kayan waɗanda ƙanjamau ya kashe, kuma duk wanda ya rufa zai ɗauka. Wata ta aiko da nata da ta saya shekara biyu da suka wuce, a cikin leda, an ɗaure bakin tamau. Iyayen 'yan makaranta suka yi shiru. Ranar wata Alhamis sai ga mai baro a ƙofar gida da barguna bakwai, Malam Tanko ya dawo da su. Saƙonsa shi ne mu yi haƙuri, mutane sun fara gudun shagonsa, shi ma yana da iyali. Buhun ƙyalle ma ya tsaya.

Wata biyar muka yi a haka. Barguna suka taru a ɗakin Inna Kande har sun kusa taɓa rufi. Biyu daga cikinmu suka daina zuwa, 'ya'yansu sun hana. Tukunya ta koma kunu, wata rana da ƙuli wata rana babu, amma ba a taɓa sauke ta ba, don zakaran Goggo Asabe bai daina cara ba. Wata ta kawo gero tiya guda, wata ta kawo kuka, a haɗa.

Goggo Asabe ta kawo shawara a ba wani ya kai su wata kasuwa can nesa, a ce daga wani gari aka kawo. Inna Kande ta ce ita ba za ta ɓoye aikin hannunta kamar kayan sata ba. Sai Hadiza ta rufe keke ta miƙe, ta ce, "Inna, ni ce matsalar. Kowa ya san ina da shi, kuma ni nake taɓa kowane bargo. In na daina zuwa, sai ku ce masu lafiya ne suke yi."

Inna Kande ta ce, "Zauna. Wa zai haɗa mana fuska, Asabe da take taka keke kamar tana kashe kunama? In kin fita, ƙaryar tasu ta zama gaskiya ke nan. Buɗe keken nan."

Ta buɗe. Ba ƙyalle sabo, sai muka bi gidajenmu muka kwaso tsofaffin zannuwanmu muka ci gaba, don kada hannu ya manta.

Ana cikin haka wata rana da hantsi aka yi sallama. Hajiya Zulai ce, daga gidajen Larabawan cikin gari, 'yar kasuwa ce da kowa ya sani a harkar atamfa. Ta taɓa sayen bargonmu a shagon Malam Tanko. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma, ta ce, "Inna, na ji magana, na ce gara in ji daga bakinku. Gaskiya ne?"

Inna Kande ta ce, "Rabi gaskiya ne, rabi ƙarya. Gaskiya ne akwai masu cutar a gidajenmu, ga ɗaya nan a kan keke, ga wasu can suna wasan 'yar carafke. Ƙarya ne da kayan matattu muke yi. Kuma ko da su ne, cutar ba ta bin ƙyalle."

Hajiya Zulai ta ce, "Wannan na sani, na tambayi likitan da yake duba ni, har dariya ya yi mini. So nake in ga ko za ku ɓoye." Sai ta sa aka shigo da jaka biyu cike da ragowar atamfofi masu tsada da farar shadda. Autarta za ta aurar nan da sati uku, kuma bargonmu take so a shimfiɗa a gadon amarya.

Ban taɓa aikin da ya kai wannan ba. Gadon babba ne, sai da muka share tsakar gidan nan kaf muka shimfiɗa tabarmi huɗu. Inna Kande ta zana tauraro a tsakiya, mai tsini takwas, kowane tsini da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa uku, irin waɗanda duk gefensu a karkace yake, in ka ja kaɗan ya miƙe. Hadiza ta farke tsini ɗaya sau uku kafin ya zauna. Audugar da kanmu muka shiɓe ta, muka tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya, don in ƙwaya ta saura, mai take fitarwa ta ɓata farar shadda. Mu bakwai muka kewaye shi, gwiwa da gwiwa, daga tsakiya muna ja da baya. Kwana goma sha tara muka gama, yatsuna duk sun yi kanta.

Ranar jere Hajiya Zulai ta ce lallai mu kawo da kanmu, kuma da Hadiza. Ɗakin amarya cike da mata, ana ta jera kwanuka ana guɗa. Muka warware bargon a kan gado, sai aka ɗauki salati. Wata ta tambaya daga wace ƙasa aka kawo shi. Hajiya Zulai ta ce, "Daga Kabara. Ga masu shi nan."

Na ga fuskoki sun canja. Wata mai jan mayafi ta matso kusa da ita, tana magana ƙasa-ƙasa amma kowa yana ji: "Hajiya, ba su ne ake cewa ba? A gadon amarya?"

Hajiya Zulai ta miƙa hannu. Ta karɓi jikanta ɗan wata huɗu daga hannun uwarsa, ta kwantar da shi a tsakiyar tauraron. Yaron ya hau wutsil-wutsil da ƙafa yana dariya. Sannan ta sa aka kawo kwanon alkubus da miya, ta zauna a bakin gadon, ta ce, "Hadiza, wanko hannu mu ci, tun safe ban sa komai a bakina ba." Suka ci kwano ɗaya a gaban kowa. Goggo Asabe ta ga abin zai wuce ta, ta ce, "Hajiya, ai ni ma na yi tsini biyu," ta zura hannu. Aka fashe da dariya, har da mai jan mayafin.

Ba a rana ɗaya kasuwa ta dawo ba. Mata biyu daga wajen bikin suka fara aikowa, sannan ƙawayen amarya, sannan 'yan makaranta da aka koma hutu. Bayan wata biyu muka ji sallamar namiji a zaure. Malam Tanko ne, da buhu a kafaɗarsa, shi da kansa, ba mai baro. Ya sauke ya tsuguna ya ce, "Inna, na yi kuskure. Tsoro ne ya kama ni."

Inna Kande ta ce ya wuce, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Goggo Asabe kuwa ta leƙa ta ce, "Malam, ka taɓa buhun da hannunka? To maza a kai ka asibiti." Ya rufe fuska da hula yana dariya. A ranar ya koma da barguna huɗu.

Shekaru sun tafi. Idon Inna Kande ya yi rauni, yanzu da yatsa take duba aiki, kuma in tazarar ɗinkinki ta bambanta ko da ƙwayar gero ce, sai ta gane. Safiya kuwa, jikar tawa, ta girma a tsakanin buhunan nan. Ta gama sakandare, ta haɗu da wani yaro mai gyaran waya a layin karɓar magani, suka daidaita, iyaye suka shiga, aka ɗaura. Da ta samu ciki ba ta taɓa tsallake awo ba, ba ta tsallake magani ba, a asibiti ta haihu, namiji. Gwajin farko da aka yi masa ya fito lafiya, amma suka ce na ƙarshe sai bayan an yaye shi. Muka yi ta jira, ba mai tayar da zancen.

Ranar da za a karɓo sakamakon, Litinin ce, muna nan muna aikin bargon wata mata da za ta zo karɓa washegari. Rabinsa yana kan cinyata. Ban san sau nawa na kalli ƙofa ba. Wajen azahar sai ga Safiya ta shigo, yaron yana tafe da ƙafarsa yana riƙe da gefen hijabinta, takarda a hannunta. Ba ta ko yi sallama ba. Ta tsaya a tsakiyar gida ta ce, "Iya, ba shi da shi. Sun ce an gama, ba shi da shi."

Hadiza ta kifa kai a kan keke. Inna Kande, da muke cewa muryarta ta tafi, ta saki wata guɗa da sai da maƙota suka leƙo ta katanga. Ni kuwa na zabura zan ɗauki angon nawa, sai na ji an riƙe ni ta baya. Na waiga, ashe tun ɗazu da hankalina yake ƙofa, na haɗa zanena da bargon mutane na ɗinke, layi biyu reras. Na taka, bargo ya biyo ni. Yaron ya ga abin wasa ya samu, ya haye kai ya zauna daram. Haka na dinga jan sa ina zagaya tsakar gidan nan, Goggo Asabe ta kifa baho tana kaɗawa, tsofaffi bakwai suna rawa, zaren kowa a ƙasa.

Ranar ba wadda ta ƙara taɓa allura. Washegari mai bargo ta zo karɓa, na ce ta yi haƙuri sai jibi. Ta ce, "Iya, lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya ƙalau, 'yar nan. Lafiyar ce ma ta hana mu."